Ranar da Na Kira Sunansa a Kan Badalar Xi'an

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Labarin tafiyarmu ƙasar Sin na ji shi a bakin mutane iri-iri, har na ji shi a wani shagon nama a Stratford Road, nan Birmingham, wata mata tana ba ƙawarta, ba ta san ni ce a bayanta riƙe da kwando ba. A nata labarin wai rungume ɗana na yi a gaban Sinawa ina rusa kuka har ɗankwalina ya faɗi. Ɗankwalina bai faɗi ba, kukan ma sai daga baya na yi shi, kuma ba a gaban kowa ba. To tunda abin ya zama haka, Jidda da Bilal, ku ji daga bakina, ku ajiye wa 'ya'yanku. Ke Jidda kina wurin, amma rabin hankalinki yana kan ɗaukar hoto.

Kun taso kun ga ba na kiran sunan yayanku. A gidanmu na Kano ɗan fari ba na uwa ba ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yabonsa, ba ta zama kusa da shi a gaban mutane. Ni ce 'yar fari a wurin Inna, kuma har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In ta soya nama sai ta miƙa wa ƙanwata ta ce a kai wa waccan, kuma kullum tsokar waccan ce ta fi girma. Ban taɓa shakkar tana sona ba. Kakata ta goye ni, gwaggonnina suna kirana da suna har da kirari, duk unguwa kuma haka kowace uwa take yi. Da wannan tarbiyya na biyo babanku Birmingham lokacin da ya zo karatu, da ita kuma na haifi yayanku a wani ƙaramin gida a Handsworth, inda babu kaka, babu gwaggo, sai maƙwabciya 'yar Jamaica a hannun dama da 'yan Pakistan a hagu. A ƙofar makaranta iyaye mata suna ƙwala wa 'ya'yansu kira, ni sai in ɗaga hannu har ya hango ni. A wurin GP, likitan unguwa, in an tambayi sunan yaro sai in miƙa kati. Wata rana yana ƙarami, yana cin taliya, ya ɗago ya dube ni.

"Mum, did you forget my name?"

Wai ko na manta sunansa ne. Na ce masa ya ci abincinsa kafin ya huce. Babanku ya yi dariya har da tari, ya ɗora shi a cinya ya yi masa bayani, daga ranar kuma ya riƙa kiran sunan nan safe da yamma, da dalili da babu dalili, kamar yana biyan nawa kason. Da babanku ya rasu sunan ya fita daga gidan gaba ɗaya, domin ku biyu Yaya kuke ce masa.

Yayanku ya tafi jami'a a Manchester, ya gama, ya sami aiki a can, a can kuma ya haɗu da Safiya. Wadda ta fara kawo mini labari ita ce Gwaggo Rabi, yayar babanku, da ke zaune a Manchester tun kafin mu zo ƙasar nan. Ta bugo waya tana haki kamar an biyo ta.

"Kin san yaron nan da Basiniya yake yawo? Wai Musulma ce. A China! Ni dai I don't buy it."

Da ya kawo ta gida na ga yarinya mai natsuwa, da mayafinta, ta durƙusa ta gaishe ni da Hausar da ta haddace a mota, ta ci tuwo da hannu ba ta yamutsa fuska ba. Da na bincika sai na tarar danginta sun daɗe a Musulunci, ba su ma san kakan da ya fara ba. Ta kwanta mini a rai. Sai dai ita kaɗai ce a wurin iyayenta, babanta kuma, wanda nake kira Malam Ma, ya ce ba zai ba da ita ba sai ya ga uwar da ta raini yaron da idonsa. Gwaggo Rabi ta ce tun da take ba ta taɓa jin mace ta je neman aure ba, wannan aikin baffanni ne. Na ce baffanni za su yi nasu in lokaci ya yi, amma mutumin nan ni ya ce yana son gani, kuma zan je. Da ta ga da gaske nake sai ta ce to ita ma za ta, don kada a ce dangin uba ba su da wakili. Haka muka ɗunguma ƙasar Sin mu huɗu, ni da ita da Jidda da yayanku, Safiya tana can gidansu tana jiranmu.

Sun karɓe mu hannu bibbiyu. Malam Ma tsoho ne siriri mai farar hula, ba ya yawan magana, amma idonsa ba ya hutawa. Bayan mun huta gajiya ya ce gobe za mu hau jirgin ƙasa mu je Xi'an, tsohon birnin sarakunansu, mu yini mu dawo, domin a can masallacin da kakansa ya yi karatu yake. Ni na ɗauka yawon buɗe ido ne. Ban san a ranar yake so ya gama karantar mu ba.

Jirgin nan ba irin namu na tashar New Street ba ne da za ka tsaya kana duban allo kana addu'a. Fari ne sol, gudu yake kamar an jefa shi, amma shayin da ke gabanka ko motsi ba ya yi. Kowa da lambar kujerarsa. Da na duba sai na ga tawa tana jikin ta yayanku, ashe Malam Ma ne ya tsara haka da gangan, uwa kusa da ɗanta, shi da matarsa suna daura da mu. Ban ko yi tunani ba na ce wa Jidda ta dawo nan, ni na koma kusa da Gwaggo Rabi. In zauna kafaɗa da kafaɗa da ɗan fari a gaban surukai? Jikina ma ba zai yarda ba. Muna cikin tafiya, gonaki suna wucewa ta taga, Malam Ma ya yi magana, Safiya ta juya mini da Turanci. Wai in ba shi labarin ɗana, wane irin yaro ne.

"Yana nan dai," na ce. "Yaran yanzu sai addu'a. Allah dai ya shirya."

Gwaggo Rabi ta gyaɗa kai, ta ji an yi magana irin ta 'yan gidan mutunci. Malam Ma ma ya yi murmushi, ya ce su ma ba sa yabon 'ya'yansu a gaban baƙi. Na ji daɗi, na ce ashe hanyarmu ɗaya. Ya sake tambaya, na sake kaucewa. Daga nan bai ƙara ba, ya zuba mana ruwan zafi a kofi ya koma kallon taga.

Xi'an ta tuna mini Kano ta yadda ban zata ba. Gari ne mai ganuwa da ƙofofi, sai dai tasu badalar ta tubali ce, ba ta zube ba, faɗinta kuwa har kekuna ake hawa a kai. Masallacin na katako ne, rufinsa mai lanƙwasassun kusurwoyi, tsakar gida bayan tsakar gida, da itatuwa da tsuntsaye. Da ba don ayoyin da aka sassaƙa a bango ba, ba zan ce masallaci ba ne. Na ga Gwaggo Rabi ta tsaya tana karanta Ƙulhuwallahu a jikin dutse. Muka yi azahar, sannan Malam Ma ya kai mu wani gidan abinci a lungun Musulmi, inda hayaƙin tsire ya cika ko'ina.

A nan aka yi ta. Abincin garin romon rago ne da gurasa, amma ba a kawo maka shi a haɗe. Kowa za a ba shi kwano da gurasa mai tauri, ya zauna ya gutsuttsura ta da yatsu ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar masara, sannan a ɗauka a zuba romo a dawo da shi. Aikin yana cin lokaci, kuma a kansa iyali suke hira. Maman Safiya yatsunta suna ciwo, sai Safiya ta jawo kwanonta ta gutsuttsura mata. Yayanku ya gani. Ya sunkuyar da kai ya yi ta aiki a kan nasa kwanon har ya yi laushi, sannan ya ɗauka da hannu biyu ya ajiye a gabana. Ni kuwa kunya ta rufe ni. Ban dube shi ba, na tura kwanon gaban Jidda, na ci gaba da fama da tawa gurasar. Yayanku ya yi 'yar dariya ya ce babu komai, ya karɓi kwanon Jidda. Malam Ma bai ci ko rabin abincinsa ba.

Da la'asar muka hau badala. Iska tana kaɗawa, jajayen fitilu a jere, yara suna tsere a keke. Na ga Malam Ma ya ja yayanku da Safiya gefe, sun daɗe suna magana. Can sai yayanku ya rabu da su ya yi gaba shi kaɗai, hannu a aljihu. Safiya ta nufo mu, idonta ya yi ja.

"Mama, Babana ya ce a dakata da maganar auren."

Na tambaye ta me yaron ya yi.

"Ba shi ba ne. Ya ce tun safe yake kallo. Kin ƙi zama kusa da shi, kin ƙi cin abin da ya gyara miki da hannunsa, kuma tun da kuka zo bai ji kin kira sunansa ba ko sau ɗaya. Ya ce uwa ta fi kowa sanin ɗanta. In uwarsa tana gudunsa, akwai abin da ta sani wanda mu ba mu sani ba."

"Ba ku gaya masa al'ada ce ba?"

"Mun gaya masa. Ya ce duk saurayin da ke son aure ba ya rasa bayani. Ya ce ni kaɗai gare shi, kuma ƙasa mai nisa za a kai ni."

Ban ga laifin tsohon nan ba, har yau ban gani ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuma abin da fuskata ta nuna masa ke nan. Amma Gwaggo Rabi ta riga ta hau.

"Wallahi this is too much! Mu za a koya wa yadda ake riƙon ɗa? Ki tashi mu tafi. 'Yan mata sun ƙare a Kano ne? Kada ki kuskura ki zubar mana da mutunci a kan titi don 'yar wani. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Na dubi bayan yayanku yana ƙara nisa. Tafiyar babanku sak, kafaɗa ɗaya ta ɗan sauka. Bai zo ya roƙe ni ba. Ya san abin da zai warware maganar, kalma ɗaya ce, amma ya gwammace ya rasa yarinyar da ya sa ni in faɗe ta. Wannan ne ya tafasa mini zuciya. Na ce a raina, yaron nan ya kiyaye kunyata tun yana cin taliya, yau kuma zai biya ta da matarsa? Ba da ni ba. Na ajiye jakata a hannun Jidda, na matsa tsakiyar hanya.

Na farko muryata ba ta fita ba, iska ta tafi da ita. Sunan ya yi mini nauyi a harshe kamar ba da Hausa ba. Na biyu na buɗe murya irin ta matan ƙofar makaranta.

"Nasiru!"

Ya tsaya. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya dubi masu keke, yana neman wanda ya san shi a ƙasar Sin. Idonsa ya bi ta kaina ya wuce. Ɗan da na haifa, mai gemu, bai san yadda sunansa yake a muryar uwarsa ba. Duk abin da aka faɗa a kaina daga baya bai yi mini ciwon wannan ba.

"Nasiru, da kai nake. Zo nan."

Ya juyo. Ya daɗe a tsaye kafin ƙafarsa ta ɗauko shi. Da ya iso ya durƙusa a kan tubalin nan a gaban jama'a.

"Na'am, Mama."

Na ce ya tashi. Na kama hannun rigarsa na ja shi har gaban Malam Ma, na ce wa Safiya ta fassara, kada ta rage ko kalma. Na ce masa wannan Nasiru ne, ɗana na fari. Lokacin da babansa yake kwance a asibiti, duk ƙarshen mako sai ya hawo jirgi daga Manchester ya zo ya yi masa wanka da aski, ya yanke masa farce. Da aka yi mini aiki a hannu shi ya koyi tuƙa tuwo, ya yi ta ba mu mai gudaji har ya iya. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. A garinmu ɗan da uwa ba ta kira, shi ne wanda ya fi yi mata nauyi a zuciya, gurasar da na ture kuwa ba ƙi ba ne, na tura wa ƙanwarsa ne don ba zan iya haɗiye ta a gabanku ba. Sannan na ƙara da abin da ya zo bakina.

"In ka ba shi 'yarka, ka ba mutum. In ka hana shi, kai ka yi asara, ni in koma gida da abina."

Safiya ta yi turus a nan. Na ce ta faɗa. Ta faɗa. Malam Ma ya dube ni, ya dubi yayanku da ke share ido da bayan hannu, ya yi tambaya ɗaya. Wai yaushe rabon da in kira sunan.

"Ban taɓa ba," na ce. "Yau ne farko."

Tsohon ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar. Ya yi wata gajeriyar magana, maman Safiya ta kama hannuna ta riƙe gam. Safiya ta ce cewa ya yi wannan kaya ne mai nauyi, bai san shi ya sa na sauke ba, in yafe masa. Bai ce ya ba da 'yarsa ba a lokacin, ba irinsa ba ne. Amma da muka koma tasha muka shiga jirgi ya karɓi jakar yayanku ya ɗora a saman kujerar da ke jikin tawa, ya nuna masa wurin da yatsa. Na zauna. Na juya fuskata ga taga, a nan na yi kukan da matar shagon nama ta ɗora mini a kan badala.

Gwaggo Rabi ba ta ƙara yi mini magana ba har muka sauka a Manchester, kuma labarin ya riga mu isa Kano. Ƙanwata ta bugo ta ce, "Yaya, da Inna tana raye da me za ki ce mata?" Wannan ta shige ni, na kwana biyu ba na jin daɗin abinci. A taron mata a Sparkhill akwai waɗanda suka riƙa ƙus-ƙus in na shigo, wata ma ta tambaye ni a gaban mutane ko yanzu har sumbatar sa nake yi irin ta Turawa. Na ce mata in ta matsu ta sani ta zo ta kwana a gidana. Ranar ɗaurin aure Gwaggo Rabi ta zo, ta ci, ta sha, ta yi rawa, amma har yau in an taɓo zancen sai ta ce na sayar da kunya na sayo suruka.

Ga amsata, gare ta da duk mai irin ra'ayinta. Ban raina al'adar Inna ba, kuma ban ji kunyar shekarun da na riƙe ta ba, abin da aka ba ni ke nan na riƙe da gaskiya. Amma ni da Inna ta yi wa kunya, ina da kaka da gwaggonni da unguwa guda masu gaya mini abin da shirunta yake nufi. Yayanku babansa kaɗai gare shi, shi ma ƙasa ta rufe shi. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Da Inna ce a kan badalar nan ta ga jikanta zai rasa mata saboda shirunta, ban san me za ta yi ba. Ni dai na san abin da na yi, kuma da za a mayar da ni wurin, sai dai in ƙara ɗaga murya. Da Safiya ta haifi 'yarta ta fari, Gwaggo Rabi ta ce ya kamata in koya mata kunyar 'yar fari. Na ce wa Safiya ta kira sunan yarinyar nan har sai maƙwabta sun kai ƙara wurin hukuma.

Ku biyu kuna yi mini tsiya wai duk Juma'a in wayata ta yi ƙara sai in shige kicin in rufe ƙofa. To ku ji dalili. Yayanku ne yake bugowa daga Manchester bayan an sauko daga masallaci. In na ɗauka ba ya cewa komai. Ina jin numfashinsa, ina jin motoci suna wucewa, wani lokaci ina jin 'yarsa tana surutu a baya. In yi sallama, ya amsa, ya sake yin shiru. In ce wa ke magana, shiru. Ƙato da shi, da furfura ta fara fito masa a gemu, haka zai riƙe wayar yana jira, kuma ya san na san abin da yake jira.

Sai na ce, "Nasiru."

Sannan ya ce, "Na'am, Mama," mu fara hira.